FILIN SANA'A: Idan Jirgin Alminiyon Ya Fara Yoyo

Jama'a, a wannan mako za mu leƙa bakin ruwa, wajen masu jirage da kwalekwale. Tun a shekarar 1945, da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ƙarshe, kamfanin Grumman na Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙera jiragen sama na yaƙi, ya shiga fitar da kwalekwale na alminiyon, watau goran ruwa. Yadda ake haɗa jikin jirgin sama, haka aka haɗa su, da ribiti, ƙusar nan da ake dakan gindinta har ta yi kai biyu. Wasu kamfanoni suka bi sahu. Irin wannan jirgi ba ya ruɓewa kamar na katako, amma in ya daɗe yana shan girgizar inji da dukan igiyar ruwa, sai ribitin su saki. Wanda duk ya mallaki tsohonsa, ko a Yawuri ne ko Lakwaja ko Baga, ya san wahalar kwarfar ruwa.

Kada mai karatu ya raina ɗigo. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Jirgin da cikinsa ya yi mita 4 a tsawo da mita 1 a faɗi, in ruwa ya taru santimita 10 kawai, ya ɗauki kilo 400 ke nan, nauyin buhun siminti takwas. Shi kuwa wannan kaya ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can yake malala, ya ƙara rinjayarsa.

Aikin farko shi ne gano inda yake yoyon. A fito da jirgin tudu, a ɗora shi bisa katakai, a zuba ruwa kaɗan a ciki, a leƙa ƙasa, duk ribitin da ya jiƙe a zagaye shi da alli. Kada a cika shi, domin an ƙera shi ne ya tare ruwa daga waje.

Ɗaure ribiti aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya danna dunƙulen ƙarfe mai nauyi a kan ribitin daga waje, ɗayan ya riƙa bugun gindinsa daga ciki da ƙaramar guduma, sau biyu ko uku, a hankali. Mai gaggawa yakan yi ta jibga, alhali alminiyon in ya sha duka sai ya ƙandare ya tsage. Ribitin da ke juyawa a raminsa kuwa ya gama aiki. A huda shi a fitar, a sa wanda ya ɗan fi shi kauri, a shafa gam a ramin tukuna. Sharaɗi dai ya zama na alminiyon. In aka sa noti na baƙin ƙarfe, ko na jan ƙarfe ko tagulla, da zarar ruwa ya haɗa su sai alminiyon da ke kewaye ya riƙa cinyewa, ramin ya ƙara faɗi. Ribitin nan da ake ja da bindiga shi ma yawancinsa akwai kafa a tsakiya, sai a nemi mai rufaffen gindi.

Mutanenmu sun fi saurin kai jirgi wurin mai walda, a nan ne kuma aka fi yin gyaran gangar Abzinawa. Alminiyon yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda ƙarfe yake yi, sai dai kawai a ga ya burme. Zafin kuma yakan ƙone gam ɗin da masu ƙira suka sa tsakanin falle da falle, a toshe kafa ɗaya a buɗe biyar. In tsaga ce, a huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, a yanko fallen alminiyon a yi faci da gam da ribiti.

Kwalta kuwa, a ganina, ɓoye ciwo kawai take yi, ran da aka tashi gyara na sosai sai an wuni ana kankara. Silikon mai warin tsami ba ya kama alminiyon da kyau. Gam na efoksi mai ɗan laushi ko na foliyuretan ya fi, amma sai an goge wurin da samfefa har ya yi fari, an share maiƙo, an bari ya bushe sarai. In an gama, a sake zuba ruwa a bi alamun allin ɗaya bayan ɗaya kafin a mayar da jirgin kogi.