Takin potas a tabkin garka: kama da wane ba ta wane

Da zarar an kau da amfanin damina, hankalin talaka yakan koma ga garka. Daga gulbin Maraɗi zuwa Madarumfa, daga Mirya zuwa Tabalak, har bakin kogin Isa a Yamai, aikin ɗaya ne: a gyara fangali, a yashe rijiya, a cika tabkin bayi, wanda masu garka da yawa ke kira basan. Wasu ba su tsaya ga ɗibar ruwa kaɗai ba. Sun saki ƴan tarwaɗa ko karfasa a ciki domin su cinye ƴaƴan sauro kuma su zama nama a miya, wasu har sun dasa bado. A nan ne tambayar wannan mako ta samo asali: in ganyen abin da ke cikin tabkin ko na bakinsa ya fara ƙonewa, aka ce wa mai garka ya nemi "potas", me zai saya, a ina zai same shi, kuma nawa zai zuba?

Kafin a je ga awo, wajibi ne a warware wani ruɗani na suna, domin asarar farko daga nan take fitowa. Masu jin Faransanci a ƙasarmu, haka ma maƙwabtanmu na Najeriya da Turancinsu, sun saba kiran kanwa da sunan potas. Saboda haka mutum zai ji malamin gona ya ce shukarsa na bukatar potas, ya wuce kasuwa ya sayo jar kanwa ko ungurnu, yana ganin ya yi dabara kuma ya samu araha. To, kanwar da ake haƙowa a ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa, ko a Dallol Boso da gefen tabkin Cadi, gishirin sodiyom ce, ƴar'uwar gishirin miya. Abin da shuka ke nema kuwa potasiyom ne. A ido sun yi kama, har masani Hamfiri Debi na Ingila ya ware su duka biyu cikin shekara guda, 1807, amma aikinsu a ƙasa ya sha bamban. Sodiyom yana daddale ƙasa, ya toshe ƙofofin da ruwa da iska ke bi, ya bar farin ɓawo a sama. Duk wanda ya taɓa ganin tsakiyar kwarin kanwa ya san ko ciyawa ba ta tsira a wurin. Dabino da garake sai a gefe. Kanwa tana da matsayinta a tukunyar wake da kunu da wurin lasar dabbobi, amma wanda ya zuba ta a tabkin bayi ya sayo wa fangalinsa cuta da kuɗinsa.

Akwai wasu abubuwa biyu da sunan ke ruɗawa da su. Na farko shi ne ƙwayar farmanganat da ake saya a gidan magani domin wanke salati, wadda ke rina ruwa shunayya. Da potasiyom a cikinta, amma maganin kashe ƙwayoyin cuta ce, kuma in ta yi yawa tana kashe kifi. Na biyu shi ne sinadarin nan mai ƙuna na masu dafa sabulu, wanda ke cin fatar hannu. Shi ma kada ya kusanci tabki ko kaɗan.

To, mene ne potas na gaskiya? Sunan ya fito ne daga toka da tukunya: mutanen dā a Turai sukan jiƙa tokar itace, su tace, su dafa ruwan a tukunya har ya ƙafe, abin da ya rage shi ne potas. Iyayenmu mata da ke tace ruwan toka domin miya ko sabulun salo, aikin nan suke yi tun kaka da kakanni. Daga shekara ta 1861 aka fara sarrafa shi daga gishirin ƙarƙashin ƙasa a Jamus. Faransa ta yi nata ma'adinan a yankin Alzas har zuwa 2002, lokacin da aka daina haƙa. Manyan masu samar da shi su ne Kanada, Rasha, Belarus da Sin, ana kuma samunsa daga ruwan Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Isra'ila. Nijar tana da dutsen fosfat a jahar Tawa, amma potas ɗin buhu daga waje yake zo mana, ta jirgin ruwa sannan ta mota. Shi ya sa duk girgizar da ta taɓa kuɗi ko hanya sai ta taɓa shi: haka aka gani bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, haka kuma a 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren.

Mai saye ya koyi karanta lambobi uku da ke jikin buhu, domin su ne shaidar abin da ke ciki. Ta farko azot ce, mai sa ganye. Ta biyu fosfor, mai gina saiwa. Ta uku potas, mai ƙarfafa kara, daidaita ruwa a jikin shuka, da cika ƴaƴa. Buhun 15-15-15 mai kilo 50, wanda aka fi gani a kasuwanninmu, yana ɗauke da kilo 7 da rabi na kowane ɗaya. Ire, farin takin nan mai kama da ƙanƙara, azot ce zalla, kashi 46 cikin 100, babu potas ko ɗigo. DAP kuwa 18-46-0 ne, wato lambarsa ta uku sifiri ce. Potas zalla iri biyu ne. Akwai kulorir, 0-0-60, sau da yawa ja-ja ne kamar garin bulo, shi ya fi araha. Akwai sulfat, 0-0-50, fari, ya fi tsada amma ya fi sauƙi ga shukokin da ba su son gishiri, irin su dankalin Turawa da tattasai. Waɗannan biyun ba kowane teburi ake samunsu ba. A tambayi shagunan kayan noma na manyan garuruwa, ko ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta yi odar buhu guda a raba, tare da shawarar ma'aikatan gidan gona. Abin da aka ƙulla a leda babu suna babu lamba, a bar shi inda aka gan shi, kome arharsa.

Yanzu sai mu koma ga tabkin kansa, domin a nan kuskure na biyu yake. Wanda bai samu potas zalla ba yakan ce bari ya watsa 15-15-15 a ruwa, tunda da potas a ciki. Amma tare da potas ɗin ya zuba azot da fosfor, su kuwa abincin gansakuka ne. Cikin ƴan kwanaki ruwa zai koma kore shar kamar miyar kuka. Da rana gansakuka na ba da iskar numfashi, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi, sai a wayi gari iskar ta ƙare a cikin ruwa. Alamar ita ce a ga kifi da asuba sun taso sama suna buɗe baki. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sarari, saboda haka takan jure. Karfasa ce ke fara juya ciki sama. Masu kiwon kifi suna da awo mai sauƙi: a tsoma hannu cikin ruwa har gwiwar hannu. In ana hangen tafin hannu dishi-dishi, koren ya yi daidai, abinci ne ga karfasa. In tafin ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, a dakatar da kowane irin taki, a rage ruwan, a ƙara sabo.

Ya kamata kuma a san cewa kifi ba su cika bukatar a ƙara wa ruwansu potas ba. Abin da ke cikin ruwan rijiya, da laka, da ragowar abincinsu yakan wadatar. Shuka ce mai bukata, ita ma sai ta nuna alama. Ƙarancin potas yana farawa daga tsofaffin ganyaye: bakin ganye ya yi rawaya, sannan ya bushe kamar wuta ta lashe shi, wani lokaci da ƴan ƙananan huji, alhali tsakiyar ganyen na nan kore. In tsohon ganye ya koɗe gaba ɗaya, wannan azot ce ta gaza. In sababbin ganyaye ne suka fito fari-fari, matsalar ta ƙarfe ce, kuma toka ko kanwa ƙara ta za su yi. Likita ba ya rubuta magani sai ya duba maras lafiya. Mai garka ma ya duƙa ya dubi ganye tukuna.

In alamar ta tabbata, ga yadda za a yi. Ga bado da sauran masu saiwa a laka, a ɗauki sulfat kamar rabin cokalin shayi, a cusa a cikin curin yumɓu, a bari ya sha iska, sannan a tura shi cikin laka kusa da saiwa. Ta haka takin zai je inda ake bukatarsa a hankali, ba tare da ya gauraye ruwan duka ba. In kuwa ruwan ake son ƙara wa, sai an san yawansa. Basan mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, zurfin mita 1, yana cin lita 4000. Giram 25 na sulfat a lita 1000 yana ƙara kimanin miligiram 10 na potasiyom a kowace lita, wannan kuwa ya isa. Ke nan giram 100 ga basan ɗin da muka ambata. A auna a sikeli, a narkar a bokiti, a zuba rabi da safe, a jira mako guda ana duban kifi da sabon toho kafin a ƙara sauran. Ganyen da ya riga ya ƙone ba zai warke ba, sabon da zai fito shi ne shaida. A tuna kuma rana tana shan ruwa amma ba ta shan gishiri: a watannin bazara, tabkin da ake ƙara wa ruwa ba a kwashewa, abin da aka zuba yana nan yana taruwa.

Wanda ba shi da kuɗin buhu kada ya ɗauka an bar shi a baya, domin potas na nan a bayan ɗakinsa. Mafi yawan potasiyom da gero da dawa ke ja daga ƙasa a cikin kara yake zama, ba a cikin tsaba ba. Dabba kuma ta fi fitar da nata a fitsari. Ke nan tokar kara da ta itace, da ƙasar turke wadda ta sha fitsarin dabbobi, dukiya ce. Sai dai a kiyaye abu huɗu. Toka a ajiye ta inda ruwa ba ya taɓa ta, domin ruwan farko ke tafiya da potas ɗin. Kada a yi aiki da tokar juji wadda aka ƙona leda da batir a ciki. Kada a gama ta da ire, domin tana kore azot ya bi iska. Sannan wurinta fangali ne, kamar cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane murabba'in mita, a gauraya da ƙasa kafin dashe. A tabkin kifi kuwa toka mai yawa tana ƙara wa ruwa kaifi irin na kanwa, kuma a cikin irin wannan ruwa dattin da kifi ke fitarwa yakan zama guba gare su. Kainuwa ma, in ta rufe fuskar tabki, a kwashe ta a zuba a ramin taki. Potas ɗin da ta tsotsa daga ruwa zai koma wa albasa da tumatir.

Duk abin da muka faɗa ya shafi tabkin da mutum ya gina ko ya haƙa a cikin garkarsa. Tabkin gari, wanda mata ke ɗiba, dabbobi ke sha, masunta ke ci daga gare shi, ba wurin gwajin kowa ba ne. Masu garake a bakin irin waɗannan tabkuna su bar tazara tsakanin fangalin da suka sa wa taki da bakin ruwa, kada kuma su wanke buhun taki a ciki, domin abin da mutum ɗaya ya zuba, gari duka ke shan sa.

Kiranmu na ƙarshe ga ma'aikatan gidan gona ne da masu shirye-shiryen manoma a gidajen rediyo. In za a yi wa manomi bayani da Hausa, a daina fassara potas da kanwa. A ce takin potas, a nuna masa buhun da lamba ta uku. Ƴan kasuwa masu sayar da taki a tiya su riƙa ajiye buhun asali a gaban mai saye. Ƙungiyoyin masu garka kuma su nemi a auna musu ƙasa da ruwa a ɗakin binciken cibiyar INRAN kafin su zuba kuɗinsu, domin a jigawarmu sau da yawa fosfor da azot ne ke fara gazawa kafin potas. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu rani mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.