Na'urar da ke Leƙa Cikin Kwalbar Shamfu

Shamfu mai tausasa gashi yana ɗauke da sinadarai biyu masu aiki daban. Na farko sinadarin kumfa ne: kansa na son ruwa, jelarsa na son maiƙo, shi ya sa yake kwashe dauɗa. Na biyu polima ce, wato doguwar sarƙar ƙwayoyi mai cajin lantarki kishiyar na sinadarin kumfa. A cikin kwalba suna narke tare. Sai ruwan ɗauraya ya tsarma haɗin sannan su dunƙule su manne wa gashi. Idan aka kuskure awo, ko dai ruwa ya tafi da polimar, ko haɗin ya tsinke tun yana kanti.

Ido ba ya ganin wannan hulɗa, amma na'urar NMR tana auna ta. A 1946 Felix Bloch da Edward Purcell, kowa da tawagarsa a Amurka, suka nuna cewa cibiyar ƙwayar zarra tana amsa igiyar rediyo idan tana cikin maganaɗisu mai ƙarfi. A kan wannan tushe aka gina hoton MRI na asibiti. A 1965 kuma Stejskal da Tanner suka fito da hanyar auna saurin yawon ƙwayoyi cikin ruwa. Ƙwayar kumfa da ke sake tana da sauri. Wadda ta maƙale wa sarƙa tafiyarta ta hawainiya ce. Daga wannan bambanci ake lissafa nawa suka maƙale, ba tare da an zuba wa haɗin wani rini ba.

Wasu za su ce wannan bincike ne na ƙasashe masu hannu da shuni. Suna da hujja: manyan na'urorin na buƙatar ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, da wutar lantarki tsayayyiya. Sai dai dangin waɗannan polimomi ne ake zubawa a matatun ruwa don laka ta kwanta, kuma da su ake naɗe wasu magunguna. Wanda bai iya auna su ba, kullum mai sayen haɗin wani ne.

A ganina, ba sai kowace jami'a ta mallaki tata ba. Jami'o'in yanki guda su haɗa hannu kan na'ura ɗaya, a kuma ware kuɗin hiliyom da albashin ƙwararren mai kula da ita kafin a sa hannu a takardar saye.