Marubuta, Ina Muka Kai Tanko?



Makon jiya wata baƙar fatar Amurka ta aiko mini da saƙo a Facebook. Ta haifi namiji bayan 'ya'ya mata uku, ta ji an ce Hausawa na da sunan irin wannan yaro. Na ce mata Tanko. Murnar da ta yi sai ka ce gado aka raba mata.

A daren nan, ina zaune a ƙofar gidanmu a Goron Dutse, na buɗe labarai bakwai da aka turo wannan zaure. Jarumansu: Aryan, Fahad, Zayyan, Ameer. Ko Tanko ɗaya babu. Inda Bawa ya fito, maigadi ne. Inda Kande ta fito, 'yar aiki ce mai shirme.

Ku san abin da ya sa matar nan murna. An raba kakanninta da sunayensu, aka liƙa musu na iyayengijinsu. Shi ya sa Malcolm Little ya jefar da Little ya sa X, alamar sunan da ya ɓata. A 1964 ɗalibai a Ibadan suka raɗa masa Omowale, wato ɗa ya dawo gida. A shekarar ce Cassius Clay ya zama Muhammad Ali, ya kira tsohon sunansa sunan bauta. Su ƙwace musu aka yi. Mu da hannunmu muke zubarwa.

Sunan Bahaushe labari ne. Gambo ya biyo tagwaye. Cindo da yatsa shida ya zo. Shekarau ya daɗe a ciki. Ajuji kuwa, uwarsa ta binne 'ya'ya kafin shi. Kalma ɗaya ta gaya wa mai karatu abin da kai za ka ɓata shafi biyu kana bayani.

Na san za a ce ai sunayen Musulunci sun fi. Wa ya musa? Sunan yanka daban, laƙabi daban, kuma tare suka rayu a Kano shekaru aru-aru. Muhammadu Rumfa bai rasa ko ɗaya ba. Amma ku faɗi gaskiya: Aryan daga littafin addini kuka samo shi, ko daga fim ɗin Indiya?

Wasu za su ce masu karatu ba sa son jarumi mai sunan ƙauye. Wa ya koya musu hakan in ba mu ba? Tun 1934 ake karanta Ruwan Bagaja, har yau ba a manta Malam Zurƙe ba.

Ga ƙalubalen wannan mako: kowa ya rubuto shafi ɗaya, jaruminsa likita ne ko attajiri ko masoyi, sunansa Tanko ko Nomau ko Delu. Wanda ya ji kunya, ya tambayi kakarsa sunan da take kiran mahaifinsa.

Sai na ji daga gare ku.