Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ikilisiyoyi na Tambuwal da Kebbe

Ya ku iyayenmu fastoci da dattawa,

Dalilin wannan takarda shi ne fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya taka rawar Sufeto Ɗanladi Waziri, ɗan sandan Arewa da aka aika ƙasar Yarabawa gab da samun mulkin kai a 1960 domin ya binciki kisan gilla da ake yi wa 'yan mata.

Haƙiƙa akwai zubar da jini a cikinsa, har bai kamata yara su gan shi a gidajen kallo ko a wayoyin yayyensu ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne shirunmu, domin kuwa makashin ɗan sarki ne da wani limamin mishan ya ci amanarsa tun yana ƙarami a makaranta, sa'an nan aka ɗora laifin a kan wani baƙo Bahaushe marar alhaki, aka hallaka shi bisa zato. Wanda aka ba amanar kiwon tumaki ba shi da hujjar kau da kai daga irin wannan, ko da kunya ta hana.

Saboda haka ina roƙonku ku yi wa iyaye nasiha a kan abin da 'ya'yansu ke kallo, ku binciki halin duk wanda kuke danƙa wa yara, ku kuma haɗa kai da malaman Musulunci maƙwabtanmu wajen tsawata wa masu yanke wa baƙo hukunci da hannunsu.

Allah ya ƙara muku basira, amin.

Naku cikin biyayya,
Wani ɗanku mazaunin Tambuwal