Bitcoin Ba Ya Cajin Waya a Kilomita Biyar

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga Babban Masallaci, na biya shagon wani dattijo mai sayar da atamfa a gefen kasuwar Mamadou Mbaïki, a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui. Na same shi riƙe da waya, hannunsa na rawa. Wani ne ya kira shi da murya mai taushi, ya ce daga kamfanin waya yake, za a rufe masa asusu in bai karanto lambar da aka turo masa ba. Ya karanto. Kafin ya gama yi wa mutumin godiya, kuɗin dila biyu sun tafi. "Ɗana, wa zan kai wa ƙara?" Na ce, "Baba, sai dai Allah." Tun daga ranar nake jin haushin amsar nan, domin a ƙasar da ke tutiyar ta shiga gaban Afirka a kuɗin zamani, bai kamata a ce ita kaɗai ke bakina ba.

Ku tuna dai. A watan Afrilun 2022 Shugaba Faustin-Archange Touadéra ya sa hannu, Bitcoin ya zama halastaccen kuɗi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙasa ta biyu a duniya bayan El Salvador. A lokacin, mutum ɗaya cikin goma ne ke samun intanet. Ko Babban Bankin BEAC, mai kula da sefar da muke ciniki da ita, ba a shawarce shi ba. Watan Yuli aka fito da Sango Coin, aka ari sunan harshen da muke taya kaya da shi aka liƙa wa abin da ba mai iya riƙewa a hannu. Mafi ƙarancin abin da za ka saya da farko dala 500 ne, kusan abin da ɗan ƙasar ke samu shekara guda cur. Wai kuma mai dala 60,000 zai zama ɗan ƙasa. Wannan ya fi ci mini rai. Mu da aka haifi kakanninmu a nan muna shan tambayoyi kafin a ba mu katin shaida, amma baƙon da bai taɓa ganin kogin Ubangi ba zai sayi ƙasar daga kan kujerarsa. Kotun Tsarin Mulki ta taka wa wannan burki a watan Agusta, kuma a Maris 2023 majalisa ta janye tilascin karɓar Bitcoin. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Sai ka ce an daddara. Ina! A Fabrairun 2025 aka sake fito da wani, $CAR, irin kuɗin da matasan intanet ke caca da shi. Cikin 'yan kwanaki darajarsa ta rufta. Sayen kifi a ruwa ke nan, da hatimin fadar shugaban ƙasa.

Abin da ɗan kasuwar Kilomita Biyar ke bukata bai kai wannan tsada ba. Kayansa daga Duwala suke tasowa, su bi Garoua-Boulaï su shigo ta Béloko, kuma duk tafiyar nan a waya ake yin ta: hoton rasit ta WhatsApp, saƙon murya ga direba, kuɗi ta asusun waya. Wayar ce shagonsa na biyu. To da me zai yi mata caji? Wutar kamfanin lantarki na Enerca zuwa take kamar baƙon kunya, ta gaisa ta tashi, duk da tashar hasken rana ta Danzi da aka buɗe a 2023. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da layin intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa mu da Kamaru da Kongo. Madalla. Amma ka zo titin Koudoukou da azahar ka gwada tura hoto guda, ka ga yadda za ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Ana ta maganar ajiyar gajimare, wato ka adana lissafinka a wasu manyan kwamfutoci na nesa, inda gobarar shagonka ba ta kaiwa. Babu unguwar da ta fi mu sanin amfanin wannan. A Disambar 2019, da 'yan kasuwa suka gaji da harajin 'yan bindiga aka gwabza, shaguna sun ƙone, kuma shagon da ya ƙone da littafin bashinsa yake tafiya. Wa ke binka, wa kake bi, duk ya zama toka. A Yunin 2021 gobara ta cinye cibiyar na'urorin kamfanin waya na Orange a nan Bangui, layuka suka mutu na makonni. In babban kamfani zai durƙushe haka, ina ga mai tebur? Manomin kirki ba ya tara hatsin shekara a rumbu ɗaya kusa da murhu. Da an kashe ko kaɗan daga kuɗin tallar Sango wajen koya wa 'yan kasuwa wannan, da an ga amfaninsa.

Mu ma ba mu fita ba. Alhaji zai sa wa shago kwaɗo uku, ya ɗauki mai gadi, sannan ya mai da shekarar haihuwarsa lambar sirri. Zai miƙa waya a rumfar caji ba kulle, ya tafi salla. Zai saki kaya don an nuna masa saƙon "an tura", bai duba asusunsa ba. Wannan sakaci ne, kada mu kira shi ƙaddara.

A 2024 an kafa dokar tsaron intanet da ta kare bayanan jama'a. Suna takarda, da Faransanci, dattijon nan kuwa bai taɓa jin labarinsu ba. Hukumomi, ku buɗe ofishin karɓar ƙarar damfara a cikin Kilomita Biyar, da mai jin Sango da Hausa da Larabci da Fulatanci. Kamfanonin waya, ku riƙa gargaɗi a rediyo da harshen da muke ji. Kai kuma ɗan'uwa, daren yau ka canja lambar sirrinka, ka ɗauki hoton littafin bashinka shafi-shafi ka adana, kuma duk wanda ya kira yana neman lamba, ka kashe wayar.