Jarumin da Ya Manta da Ranar Dawowa

A wajajen 1180 marubucin Faransa Chrétien de Troyes ya rubuta labarin Yvain, jarumin fadar Sarki Arthur, wanda ya auri Laudine bayan ya kashe mijinta. Amarci bai yi nisa ba abokinsa Gauvain ya zuga shi cewa zaman gida na dusashe sunan namiji. Laudine ta yarje masa ya tafi gasar mahaya, ta ba shi zobe da wa'adin shekara guda. Wa'adi ya wuce yana can yana neman suna. Ba wata mace ce ta ɗauke masa hankali ba, mantuwa ce kawai, kuma ita ta fi ciwo. Jakadiyar Laudine ta zo ta karɓe zoben a bainar jama'a, shi kuwa ya haukace ya faɗa daji.

Mai karatu Yvain yake tausaya wa, domin sawunsa labarin yake bi. Shekarar da Laudine ta yi tana ƙirga kwanaki a ɗakinta, a bakin jakadiya kaɗai aka ji ta. Sulhun ma da dabara aka same shi: hadimarta Lunete ta sa ta rantse kafin ta san wanda za ta yafe wa.