FILIN KIWON LAFIYA: Farfaɗiyar Da Kan Kama Mutum Da Girmansa

A makon nan za mu yi bayani ne a kan wani ciwo na ƙwaƙwalwa wanda sau da yawa akan ɗora wa iskoki laifinsa. A Lafia da garuruwan kewayenta, kamar su Doma da Obi da Keana, idan magidanci lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi a gona ko a kasuwa yana karkarwa, akan garzaya da shi wurin mai magani ne kafin a tuna da asibiti. To, ɗaya daga cikin abubuwan da kan haddasa irin wannan faɗuwa shi ne abin da likitoci ke kira kabanoma.

Kabanoma wani curi ne na ƙananan jijiyoyin jini waɗanda suka kumbura suka cure wuri guda a cikin ƙwaƙwalwa ko lakar baya, kamar nonon inabi. Bangonsu siriri ne ƙwarai, saboda haka jini yakan riƙa tsatsowa kaɗan-kaɗan yana ɓata naman da ke kewaye. Ba sankara ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Likitoci sun ƙiyasta wajen mutum 1 cikin 200 yana ɗauke da ita, amma da yawa sukan ƙare rayuwarsu ba ta taɓa motsa musu ba.

Idan kuwa ta motsa, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40 ne, alamunta kuma sun danganta da inda ta zauna. In tana saman ƙwaƙwalwa, farfaɗiya ce kan fara bayyana. In tana can gindi, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, sai a ga jiri, da ganin abu biyu-biyu, da mutuwar gefen fuska, da wahalar haɗiya, ko raunin hannu da ƙafa. Wani lokaci kuma jinin yakan zuba da yawa, ya kawo matsanancin ciwon kai farat ɗaya. Wanda ya taɓa samun zubar jini, haɗarin maimaituwa ya fi yawa a gare shi, musamman a shekarun farko.

Wajen kashi 1 cikin 5 na masu ciwon gadonsa suka yi, kuma su ne akan tarar da curi fiye da ɗaya a kansu. Kowane ɗa na mai irin na gado yana tsakanin ya gada ko kada ya gada, rabi da rabi. Don haka wajibi ne a gaya wa likita in akwai mai farfaɗiya a dangi.

Ciwon ba ya barin mai ƙarfi. Florence Griffith Joyner, 'yar tseren Amurka wadda ta ci lambar zinariya 3 a wasannin Olamfik na 1988, ta rasu cikin barci a 1998 tana da shekara 38, sakamakon farfaɗiyar da kabanoma ta tayar mata. Shi kuwa Alberto Contador, ɗan tseren keke na ƙasar Sifen, ya faɗi ana cikin tsere a 2004, aka yi masa aiki a ka, ya warke, har ya ci babban tseren keke na Faransa a 2007.

Hoton da ya fi nuna wannan curi shi ne na na'urar MRI, inda yakan fito kamar gugguru da baƙin zobe kewaye da shi. Sauran hotuna suna iya tsallake shi. Magani kuwa iri-iri ne. Wani sa ido kawai za a yi masa, wani a ɗora shi a kan ƙwayoyin hana farfaɗiya, wani kuma a yi masa aiki a cire curin. Aikin ƙwaƙwalwa ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin tun 1962 marigayi Farfesa Latunde Odeku ya soma shi a Ibadan. Mutumin Lafia sai ya fara da babban asibitin garin, wanda a da aka sani da sunan Dalhatu Araf, in ta kama a tura shi Abuja ko Jos wurin ƙwararru.

Kafin nan, in mutum ya faɗi a gabanku, ku kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, ku kwantar da shi a gefensa. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kuma kada a guje shi, gama yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo. In karkarwar ta wuce minti 5, a hanzarta zuwa asibiti. Shi kuma mai ciwon ya dakata da tuƙin babur ko mota, da hawan itace, da shiga rafi shi kaɗai, sai likita ya yarje masa.

Duk farfaɗiyar da ta fara wa mutum da girmansa tana da dalili, kuma neman dalilin haƙƙi ne a kan iyalinsa. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.